Ba Shi Wuta Ya Rage Gudu

A shekarar da sunan mahaifiyarmu ya fito cikin maniyyata aikin Hajji, bayan jiran da ya cinye mata ƙarfin gwiwoyi da rabin haƙoranta, ruwan ƙarshen damina ya tafi da gadar da motoci ke bi su hau Kemiri. Abin da ya rage shi ne tsohuwar hanyar manoman taba, siririya, shimfiɗe da siminti, wadda ke gangarowa daga ƙauyen namu a jikin dutsen Sumbing har bakin titin Parakan. Mota ba ta bin ta. Babur kaɗai ke bi, shi ma da addu'a a bakin mai shi.

Mu biyu Simbok ta haifa, haka muke kiran mahaifiyar tamu; mahaifinmu kuwa, da muke kira Bapak, ya rasu. Yayata Kustiyah, wadda nake kira Mbak Kus, tana zaune da ita a ƙauye, tana yin tempe, wato curin waken suya da ake naɗewa a ganye, tana saukowa da shi kasuwa. Ni Rukmini ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Parakan, inda nake zaune da mijina Darmaji. Motar maniyyata za ta tashi ne daga harabar babban masallacin garin, kuma ba za ta jira kowa ba. Tambayar da ta tsaya mana ita ce yadda za a sauko da tsohuwa mai nauyin jiki daga saman dutse, ta isa wannan mota da ƙasusuwanta a haɗe.

Matasan ƙauye sun ce za su ɗauko ta a kan kujerar gora, su huɗu, a hankali.

"Ban mutu ba tukuna," in ji Simbok. "Ranar da za ku ɗauke ni a kafaɗa tana zuwa, kada ku yi gaggawa."

Darmaji ya ce shi zai goya ta a babur. Ta juya fuskarta ga bango, ta kira ni yadda take kiran 'ya'yanta mata, ta ce mini: "Nduk, gaya wa mijinki ya rufa mini asiri. Ni in riƙe ƙugun surukina a gaban jama'a?"

Saura mu biyu ke nan. Na ɗauka maganar ta ƙare, domin babur ɗina ya fi nata sabunta, kuma kowace sabuwar shekarar karatu ni ce ke tara ɗalibai a filin makaranta ina yi musu bayanin tuƙi. Na kai shi wurin makaniki, na zauna a kan benci har aka gama. Aka zubar da tsohon man birki, wanda ya yi baƙi kamar shayin jiya, aka zuba sabo. Aka sauya takalman birki na gaba da na baya, aka buɗe murfin bel aka share ƙurar da ta taru, aka sa sabuwar taya a baya. Na sayi hular kwano daidai kan Simbok. Sannan na hau Kemiri ana saura 'yan kwanaki a tashi, zuciyata a kwance, ina jin na sauke abin da ke kaina.

Na same su a barandar gida, Mbak Kus tana naɗe waken tempe a ganyen ayaba, Simbok tana shan shayi. Na gaishe su, na miƙa hular, na fara lissafa gyaran da aka yi.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Simbok. "Amma yayarki ce za ta kai ni."

"Simbok, don me?"

"Ita ce babba. Kuma babur ɗinki kuka yake yi."

"Kuka?"

"Duk ranar da kika tafi, ina jin ki har ki kai Kwanar Gora. Kamar ana yanka ɗan maraƙi. Na yayarki kuwa, shiru, kamar ruwa a kwalbati. Ni ina so in bar gidana ina ambaton Allah, ba ina toshe kunne ba."

Mbak Kus ba ta ɗaga kai daga ganyen ayaba ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Na san dalilin wannan shirun, kuma shi ne abin da na shekara ina faɗa da ita a kansa. Da ta fito daga ƙauye ta kama gangara, sai ta murɗa makulli ta kashe inji, ta bar babur ya sulale da nauyinsa, yatsunta a kan birki tun daga sama har ƙasa. Irin baburanmu ba su da giya, ba a iya saka su a ta ɗaya a ce su yi tafiyar kunkuru. A cikinsu akwai kuloci da ke kamawa da kansa idan inji ya ɗaga, ya kuma saki da kansa idan inji ya lafa. Wanda ya kashe inji, ko ya bar shi yana numfashi a hankali, ya raba tayar baya da inji ke nan, babu abin da ke riƙe da shi sai birki. Birki kuwa yana zafi. Idan zafin ya kai ga mai, man ya tafasa, sai mutum ya matse mariƙi har ya taɓa hannun babur, ya ji babu komai. Abin da ake yi shi ne a ɗan murɗa totur a farkon gangara har kuloci ya kama, a sake shi, sai inji ya riƙa jan babur baya yana gurnani. Wannan gurnanin ne Simbok ke kira kuka.

Na yi musu wannan bayani da kalmomi mafi sauƙi da na mallaka. Har da kofin shayi da murfinsa na kwatanta.

"To, Malama ta buɗe aji," in ji Mbak Kus. "Simbok, kin ji? Idan kina so ki rage gudu, sai ki ƙara wuta. Idan kina jin ƙishi, sai ki ci gishiri."

"Mbak, ba haka na ce ba."

"Haka kika ce mana. Ni dai abin da na sani, abu ya hau dutse da safe yana nishi, da hakkinsa a bar shi ya huta a saukowa. Ke ba ki da tausayi ne? Ga ɓarnar fetur."

"Inji ba jaki ba ne."

"Bapak shekara nawa ya yi yana sauka a kashe da dami-damin taba? Ko sau ɗaya ya faɗi?"

"Bapak yana sauke mu kafin Kwanar Gora, mu taka da ƙafa, shi kuma ya ja babur a hannu. Kin manta?"

"Ban san wannan ba. Ke lokacin majina ce a hancinki."

Simbok ta ajiye kofi. "Kada ku sa marigayi cikin rigimarku. Na gama magana."

Ba a maimaita wa Simbok abin da ta ce ta gama. Amma ina zaune ina kallon kwandunan tempe, sai na gane abin da ya tsare yayata duk tsawon shekarun nan. Ita siririya ce, tempe ba shi da nauyi, kuma kullum tana tsayawa a tsakiyar gangara, a rumfar Yu Parmi mai sayar da soye-soye, ta sauke mata kaya, su ɗan taɓa gulmar ƙauye. Kafin su gama da surukar wane, birki ya huce. Ba ta taɓa sauka da nauyi ba tare da tsayawa ba. Na faɗi wannan a fili, da murya mai laushi, ina tsammanin na kawo hujjar da ba a musunta.

Kuskure na yi. Mbak Kus ta miƙe ta goge hannu a zane.

"Wato gulma ce ke riƙe da ni a kan babur?"

"Ban ce haka ba."

"Ba ga buhun shinkafar da Simbok ta ce a kai gidanki ba? Bari in kai miki. Ba zan tsaya ko'ina ba. Buhun nan ai ya fi Simbok nauyi."

"Bai kai ta ba ma," na ce, kafin in kama bakina.

"Ku daina auna ni kamar akuyar layya," in ji Simbok.

Na roƙi yayata. Na riƙe kan babur ɗin nata, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi mini muna yara. Ta ɗaure buhun a bayan sirdi da igiyar roba, ta sa hula ba ta ɗaure maɗaurin ba, ta fita. Ina jin lokacin da ta wuce masallaci, injin ya ɗauke. Na hau nawa na bi ta.

Da farko ina hango bayanta tsakanin gonakin taba, tana tafiya a natse, gyalenta na kaɗawa. Ta wuce rumfar Yu Parmi ba ta ko waiwaya ba, Yu Parmi ta fito da matsami a hannu tana kallo. Daga nan sai na fara jin ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Tazarar da ke tsakaninmu ta soma buɗewa. Na ga ta sauke ƙafafu biyu tana jan silifas a siminti. Ɗaya ya fita ya yi tsalle ya faɗa gona. Ban iya ƙara gudu ba, ban iya kiranta ba, abin da bakina ya iya kawai shi ne sunan Allah.

A Kwanar Gora hanya tana karyewa hagu, gabanta kuwa rami ne mai zurfi cike da gora. Mutanen unguwar sun daɗe da tara tulin ɓuntun shinkafa a bakin ramin, suna ƙara masa duk kaka. Mbak Kus ba ta karya kwanar ba. Ta shige cikin tulin kai tsaye, ɓuntu ya tashi sama kamar hayaƙi.

Da na iso, Lik Sarjono, dattijon da gidansa ke kusa, wanda ke gyara tulin da manjagara, ya riga ya kama ta yana jawowa. Ta fito da ɓuntu a gira, a baki, a cikin hula. Idon sawunta ya kuje, ban da wannan babu abin da ya same ta. Buhun ya fashe, shinkafar ta koma cikin ɓawonta.

"Kus, ke ce yau?" in ji Lik Sarjono. "Na saba da 'yan birni masu zuwa ɗaukar hoto. Ashe na gida ma suna kawo mini ziyara."

Ya ɗauko bokiti zai watsa wa faifan birki ruwa, na ce ya bari ya huce da kansa kada ya lanƙwashe. Na durƙusa ina kakkaɓe wa yayata riga, hawaye na zubo mini. Ta tofar da ɓuntu, ta dube ni.

"Bakinki ne," ta ce.

"Na'am?"

"Tun ɗazu kike kira masa lalacewa. Shekara da shekaru lafiya lau, yau kin zo kin yi ta birki, birki, birki. Ga shi nan ya amsa."

Na tashi tsaye na dubi gorar da ke cikin ramin, na ƙirga tasbihi har numfashina ya daidaita. Na ce a raina, ba komai, Simbok za ta gani da idonta.

Simbok ta gani da idonta. Ta shafa wa Mbak Kus man zafi a idon sawu, ta tsince mata ɓuntu daga gashi, ta yi hamdala mai tsawo. Sannan ta juyo gare ni da fuskar wadda aka tabbatar wa maganarta.

"Kin gani ko, Nduk? Wadda Allah ya tsare a Kwanar Gora, wa zan bi in ba ita ba?"

"Simbok, tulin ɓuntu ne ya tare ta."

"Wa ya sa aka tara ɓuntun?"

Babu amsar da mai imani zai bayar ga wannan tambaya sai guda ɗaya, na kuwa bayar da ita. Na ƙara da cewa wanda ya sa aka tara ɓuntun shi ne ya ba mu hankalin da za mu kauce masa. Simbok ta ce iyayin magana ba ya cikin sharuɗɗan Hajji, kuma sharrin da ke cikin tafiyar ya riga ya fita a kan buhu. Na tashi na yi alwala. Sallar La'asar ɗin da na yi ran nan, Allah ya karɓa da rahamarsa, domin addu'ar da ta biyo bayanta ƙara ce kawai na kai.

Darmaji ya hau da yamma da guzurin da aka saya wa Simbok. Na ja shi bayan gida, kusa da kejin kaji, na zayyana masa komai.

"Ba ta babur ɗinki mana," ya ce. "Nata ai sai makaniki."

"Mas," na ce, yadda na saba kiransa, "hannun da zai murɗa makullin shi ne damuwata."

"A ɗaure makullin da waya."

"Ta bar shi a kunne ba ta ba shi wuta ba, duk ɗaya ne."

"To a ɗaure ta ita."

Ban yi dariya ba. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai abin da ya lura, tun da ya shigo gidan yayata ba ta tsokane shi ko sau ɗaya ba, kuma wannan bai taɓa faruwa ba tun ranar aurenmu.

Washegari da hantsi ina shanya a bayan gida, sai ga Mbak Kus tana ɗingishi. Ta tsaya kusa da ni ta ɗauki zane ɗaya tana matsewa, alhali na riga na matse shi. A baranda na ga ƙullin tempen da ta yi da safe, rabinsu sun kwance, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

"Ruk," ta ce, tana kallon igiyar shanya. "Babur ɗina ba zai dawo daga gyara ba kafin ranar. Naki zan hau."

"To, Mbak."

"Kowane babur da halinsa. Nawa na san shi. Naki ban san shi ba." Ta sake matse zanen. "Yana da wani hali ne da ya kamata in sani?"

Bayanin gaba ɗaya ya taso mini: cewa halin duka ɗaya ne, cewa abin da na faɗa jiya shi ne zan faɗa yau, cewa ba bakina ne ya tafasa man birki ba. Na dubi yatsunta a kan zanen da babu sauran ruwa a cikinsa. Na haɗiye bayanin. Na nemi magana wadda babu ƙarya a cikinta, na samu.

"Yana da hali," na ce. "Ba ya son a kashe shi a gangara. Idan aka kashe shi, ba ya tsayawa."

"Mugun hali ke nan."

"Sosai. Kuma sai an ɗan ba shi wuta a farko, sannan yake yarda ya riƙe kansa."

"Kin sangarta shi ne. Zo ki nuna mini."

Bayan masallaci akwai gajeriyar gangara da ke sauka zuwa maƙabarta, ƙarshenta fili ne. A nan muka wuni. Ita a gaba, ni a baya a matsayin Simbok. Da mun kama gangara sai hannunta na dama ya bar totur ya nufi makulli da kansa, ba da saninta ba, ni kuma in buge shi.

"Ke, ni kike duka?"

"Hannun nake duka, Mbak. Murɗa kaɗan. Kaɗan na ce! Sake shi yanzu. Kin ji ya kama?"

"Na ji yana zagina."

"Haka ake so. Birki kuma a taɓa a saki, gaba da baya tare, kada a maƙale masa. In gudu ya ragu sosai kika ji ya yi shiru, ya saki ke nan, sake ba shi wuta."

"Wannan ba babur ba ne, miji ne. Sai ana lallashi."

Muka hau, muka sauka, muka hau, muka sauka, har yaran makarantar allo suka fito suna yi mana tafi, har ladan ya leƙo ya tambaya ko wani muke nema a maƙabarta. Kafin Azahar hannunta ya rage zuwa wurin makulli. Kafin La'asar ta fara gyara mini zama, wai ina karkata mata babur. Na ce mata kuma yana son a tsaya a rumfar Yu Parmi ya sha iska. Ta ce wannan kam halin kirki ne.

Ranar tafiya gidan ya cika tun da sassafe. Simbok ta fito cikin rigar maniyyata da farin hijabi, aka yi ta neman gafara ana kuka, ladan ya tsaya a bakin ƙofa ya yi kiran salla kamar yadda ake yi wa mai barin gida zuwa Makka. Sai da aka zo hawa rigima ta dawo. Simbok ta ce hular kwano za ta murƙushe mata hijabi. Na ce za a goge shi a Parakan. Ta ce a gicciye za ta zauna kamar matar kirki. Mbak Kus ta ce, "Simbok, wannan babur ɗin yana da hali, ba ya son zaman gicciye," sai tsohuwar ta wara ƙafa ta hau ba musu, da yake akwai wando a ƙarƙashin rigar. Na tattare bakin rigar na cusa ƙarƙashin cinyarta don kada taya ta kama, na ɗaure mata maɗaurin hula, na sumbaci hannunta. Darmaji ya goya ni a nasa, jakar hannun Simbok a tsakaninmu, muka bi bayansu.

Suka wuce masallaci. Hanya ta sunkuya. Na ji Mbak Kus ta murɗa totur, ta saki, injin ya kama gurnani.

Nan take Simbok ta fara dukan kafaɗarta. Ina jiyo muryarta sama da ƙarar: "Kashe shi! Kus, kashe abin nan! Abin da na guda ke nan!"

Yayata ba ta taɓa saɓa wa Simbok ba a rayuwarta. Ni ce mai gardama, ita ce mai biyayya, haka aka san mu. Na ga hannunta na dama ya bar totur ya sauka. Na damƙi rigar Darmaji har ya yi ƙara. Hannun ya tsaya a kan makulli, babur na tafiya, Simbok na duka. Sannan ya koma inda ya fito.

"Simbok, ba ya yarda a kashe shi!" ta yi ihu. "Halinsa ke nan! Ɗaga murya ki fi shi!"

Sai muryar tsohuwar nan ta tashi, wadda ta saba kiran mu daga gona tun muna yara: "Labbaika!" Injin ya yi gurnani, ta ƙara ɗagawa. Mata masu cirar ciyawa a gonakin taba suka miƙe tsaye suna amsawa. Darmaji ma ya kama, da muryarsa da ba ta taɓa dacewa da kowace murya ba. Ni kuwa idona na kan jar fitilar bayan babur, tana kamawa tana saki, tana kamawa tana saki, daidai yadda muka yi a bayan masallaci.

A rumfar Yu Parmi suka tsaya, wai don a yi sallama. Yu Parmi ta rungume Simbok ta ba ta sunayen jikokinta duka a yi musu addu'a, ta cusa mata soyayyen rogo a leda. Ni kuwa na tsuguna kamar mai gyara takalmi, na kai bayan hannuna kusa da faifan birki. Ɗumi ne kawai. Na matsa mariƙi, yana da tauri. Na ce Alhamdu lillahi a hankali, don kada yayata ta ji ta ce na fara.

A Kwanar Gora Lik Sarjono yana tsaye kusa da tulinsa, ya gyara shi tsaf, manjagara a kafaɗa. Suka zo a hankali, suka karya hagu, suka wuce. Ya cire hula ya ɗaga musu.

"Yau ba za a shigo a sha shayi ba, Kus?"

"Ka riƙe ɓuntunka, Lik!"

Mun isa harabar masallaci motocin na nan, ana kiran sunaye ta lasifika. Simbok ta sauka da ƙafafunta, muryarta ta dushe, hijabinta ya murƙushe kamar yadda ta faɗa. Kafin in gama kwance mata hula, Mbak Kus ta tara matan Kemiri da suka riga mu sauka, tana tsaye a jikin babur ɗina, hannu ɗaya a kan totur.

"Yawancin mutane ba su sani ba," tana cewa. "Sai su kashe inji wai suna tattalin fetur. Ganganci ne! Ba shi wuta kaɗan, ya kama, shi ke nan. Ni da kuke gani, tun daga sama ban matse birki ba."

Na buɗe baki. Darmaji ya taka mini ƙafa.

Simbok ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta yi mini addu'a mai tsawo, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har na kasa ganin komai. Aka kira sunanta. Muka raka ta har matakalar mota, ta hau a hankali, ta samu kujera kusa da taga. Motar ta tayar, sai ta ƙwanƙwasa gilashi ta yafuto ni. Na matsa da sauri, ina tsammanin wasiyya ce.

"Nduk, kin ga abin da na gaya miki? Yayarki ta iya. Amma babur ɗin nan naki a kai shi a duba, kukansa ya yi yawa. In kuma ba ki iya sauka da shi ba, ki sauke girman kai ki tambaye ta ta koya miki."

"To, Simbok," na ce. "Idan kin ga Ka'aba, ki roƙa mini haƙuri."

"Tun ba yau ba nake roƙa miki."

Motar ta fita daga harabar, muka tsaya muna ɗaga hannu har ta sha kwana. Da na juyo, Mbak Kus ta riga ta hau babur ɗina, makulli a hannunta, tana nuna mini sirdin baya da haɓa. Na hau. A kan hanyar gidana, wadda babu gangara ko ta taku ɗaya a cikinta, ta yi mini bayanin yadda kuloci ke kamawa.